Sha Uku Ba Rabin Inci Ba Ce

Ɗazu ina kwance a ƙarƙashin motar can na ji ɗayanku yana cewa kanikanci ya zama wasan yara, wai yanzu na'ura ake jona wa mota ta faɗi ciwonta da bakinta. To, madalla. Ku ajiye wayoyin nan ku matso, tunda ba mai kawo aiki da tsakar ranar nan. Ni Modu na haura shekara arba'in ina shan baƙin mai a garin nan, kuma motar da ta koya mini hankali ko ramin da za a jona na'ura ba ta da shi. Ku dubi tankin man can da ke rataye a bango, mai huda a gefe. Kullum kuna tambaya me ya hana ni sayar wa 'yan gwangwan. Yau za ku ji.

Na koyi aiki a hannun Usta Jidda, wani dattijo Shuwa mai gareji a gefen Yerwa, wato Maiduguri. Shekara biyu ina wanke notoci a cikin kwanon fetur kafin ya yarda in taɓa inji. Yana da wani akwatin katako da makullinsa ke rataye a wuyansa, a ciki akwai sifanu goma sha ɗaya naɗe da tsumma. Motocin Faransa da na Jafan duk da sifanar lamba ake kwance su: goma, sha biyu, sha uku, sha bakwai. Amurkawa kuwa, don neman magana, awonsu daban ne, da inci suke yi: kwata, rabi, da sauran tarkace. Duk faɗin Maiduguri a lokacin Usta kaɗai na sani yana da irin waɗannan. Yakan ɗaga biyu ya haɗa bakinsu a gaban idona ya ce, "Modu, duba da kyau. Sha uku da rabin inci sun yi kama, amma ba uwarsu ɗaya ba. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin farcenka ba, kuma ita ce za ta cinye ka." Ni kuwa in ce to, a raina ina cewa tsoho da son tsawaita magana.

Saboda akwatin nan ne wani Bature Ba'amurke da ke koyarwa can wajen Biu yake kawo mana motarsa sau biyu a shekara. Yana jin Hausa, sai dai ta hanci yake yin ta. Yakan zauna a benci yana ba mu labarin motocin ƙasarsu muna ta ƙyaƙyata dariya. Ya ce mutanensu manyan motoci suka iya ƙerawa, da fetur ya yi musu tsada sai suka tashi a gurguje za su yi ƙanana, kamar a ce maƙerin garma ya ƙera allura. Akwai wadda ke fara tsatsa tun tana gidan sayarwa. Akwai wadda baƙin mai take sha kamar mai ƙishirwa, kana tafe hayaƙi na bin ka. Akwai wadda aka datse wa gindi kamar da gatari. Akwai wata gilashi ne ko'ina, kuma ƙofar dama ta fi ta hagu tsawo, da gangan, ba kuskure ba. Usta ya ce in aka kawo wannan Borno, kafin a kai Kasuwar Litinin direba ya zama bandar kifi. Ta ƙarshe kuwa tankin manta a can baya yake dab da bamba, in aka ɗan buge ta ta baya tana iya kamawa da wuta, har a ƙasarsu direbobi ke ba ta tazara a titi. Muka tambaye shi wacce ce tasa a ciki. Ya nuna ta da haɓa ya ce ta ƙarshen. Duk motocin duniya, ita ya ga ta dace ya ɗora wa jirgin ruwa ya kawo mana!

Da zai koma gida ya bar wa abokin aikinsa ita, Malam Ayuba, malamin lissafi, mutumin kudancin Borno, wanda daga baya aka dawo da shi makaranta a cikin gari. Kyauta ce ko ramuwar gayya, har yau ban sani ba. Malam Ayuba dogo ne, ba ya ɗaga murya, ba ya raba aljihunsa da biro. Motar kuwa 'yar ƙarama ce ruwan ɗorawa, ƙofa biyu. Halinta na farko da kowa ya sani shi ne, in ta yi zafi ka kashe ta, to ka nemi inuwa ka zauna. Fetur ne ke tafasa a cikin famfon mai, sai ta huce za ta sake tashi. Da haka sunanta ya bi gari: Sai-Ta-Huce. Maganin da muka samo shi ne jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon, shi ya sa buta ba ta barin motar, har mutane ke tsokanar Malam Ayuba cewa shi ne Kirista na farko mai yawo da butar alwala.

Wata Laraba Usta ya tafi ta'aziyya ƙauye da makullin akwati a wuyansa, sai ga Malam Ayuba ya kawo ta, wai tana ɗan jan ƙafa a hanya. Ina ji da kaina a lokacin, gashin baki ya fara fitowa. Na ce masa aikin minti goma ne, saita lokacin wuta kawai za a yi. Akwai wani noti ɗaya da ke riƙe da kan da ke raba wa filogi wuta, a wani lungu da hannu ke shiga da ƙyar. Sai an sassauta shi a juya kan, a saita, a ɗaure. Notin rabin inci ne. Na duba akwati a kulle, na duba benci na ga Malam ya buɗe jarida, sai na ɗauki sha uku. Ta kama, ta sassauta, na ce ka ga tsoho da tsoratarwa. Na juya kan da kintace, na hau ɗaurewa da ƙarfin ƙuruciya. Sai na ji sifana ta zame, sulɓ! Na sake, ta sake zamewa. Kafin in farga kan notin ya zama kamar ƙwallon goruba, ba kusurwa ko ɗaya, kuma ya ɗaure tamau a inda bai kamata ba.

Na tayar da ita. Ta yi tari biyu, sai salansa ta ce tau! Awakin maƙwabta suka watse. Malam Ayuba ya sauke jarida ya ce, "Modu, wannan kuma fa?" Na share hannu da tsumma na ce, "Ai Malam haka Amurkawa suka ƙera ta. In ta tsufa sai ta fara harbi." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To." Usta bai daɗe da dawowa ba ciwo ya kwantar da shi, Allah ya ji ƙansa, bai sake leƙa injin nan ba. Akwati ya dawo hannuna, Sai-Ta-Huce ma ta dawo hannuna. Tun daga ranar, duk lokacin da aka tayar da ita da zafi sai ta yi harbi ɗaya. Fiye da shekara ashirin Malam yana cewa, "Modu, harbin nan fa?" ni kuma ina zagin Amurkawa. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na mutanen da ke bayan teku.

Kada ku ce ban yi mata aiki ba. Wallahi babu abin da motar nan ba ta sa ni ba. Tankin can tsatsa ta cinye cikinsa, kullum garin tsatsa na toshe kafireta, ga kuma labarin wutar da Bature ya bar mana. Na tsiyaye shi, na wanke, na bar shi fanko, na ajiye jarka a gaban kujerar fasinja, na ja tiyo zuwa inji. Mazaunin batir ya ruɓe ya zube a titi, na mayar da batir bayan kujera na ja manyan wayoyi ja da baƙi. Wurin makulli ya lalace, ba irinsa ko a Kano, na je Kasuwar Litinin na sayo maɓallin ƙararrawar ƙofa na ɗaura a gefen sitiyari. Ta ƙara zafi, na ƙara fanka da makunninta daban. Kowane gyara daidai yake, kowanne akwai dalili, ina ma alfahari da su. Wanda bai iya ba ya gwada ya gani.

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda kuna yara ƙanana ko kuna goye. An hana babur, an sa dokar hana fita tun rana na sama, wani lokaci a yanke layin waya gaba ɗaya. Masu manyan motoci suka kwashe iyali suka bar gari. Mu makanikai muka shiga uku, don duk motar da bam ya tashi a cikinta sai a ce a wani gareji aka haɗa ta. Sai in wuni a nan ban ga ko mai facin taya ba, in share sifanu, in mayar da su, in sake sharewa. A wannan shekarar gidan Malam Ayuba ya cika da 'yan'uwansa da suka gudo daga ƙauyuka, har a ƙarƙashin bishiyar darbejiya ake kwana. Ya yi ritaya, hatsi ya yi wuya, yara na kuka.

Wata safiya ya zo da ƙafa ya gaishe ni da Barbarci, "Modu, wushe." Na ce, "Wushe Malam, ina mutuniyar?" Ya ce wani tsohon ɗalibinsa a Zabarmari ya aiko cewa ya ajiye masa buhu uku na shinkafa, amma ba mai motar da ya yarda ya je. Tukunyar gidansa kuwa daga yau ba abin da za a zuba mata. Na ce, "Malam, da Sai-Ta-Huce? A wannan zamani? Motar da ke harbi?" Ya ce, "Shi ya sa na zo wurin wanda ya san halinta." Haba! Ina zan kai wannan magana? Na ɗauki buta da tsumma na bi shi ina mita.

Da na shiga sai na ga ya ɗaure agogon tebur, irin mai ƙararrawa biyu a ka, a kan allon gaban sitiyari da roba. Wai don kada dokar hana fita ta rutsa da mu. Yana ta ƙas-ƙas-ƙas. Ban kawo komai a raina ba, sai ma na yaba da dabarar. Da za mu fita safiya ce, sojojin shinge suka leƙa daga nesa suka ce mu wuce. Muka isa lafiya, aka loda buhu biyu a baya, ɗaya a kujera, aka ba mu ruwa muka juyo.

A dawowa rana ta take, layi ya yi tsawo a shinge, an kuma canza sojoji. Da muka matso wani soja ya ɗaga hannu ya ce a kashe mota. Malam ya leƙa ya ce, "Ɗana, in na kashe ta ba za ta tashi ba." Sojan ya ce a kashe! Aka kashe. Ya sunkuyo ta tagata. Idonsa ya sauka a kan jarkar da ke tsakanin ƙafafuna, ya bi tiyo, ya bi jar waya da baƙar waya har batir, ya dawo kan maɓallin ƙararrawa, sannan ya tsaya a kan agogo. Ƙas-ƙas-ƙas. A nan ne na ga motar da idon wani, karo na farko a rayuwata. Inna lillahi! Aikin hannuna na shekara ashirin, waya bayan waya, ashe bam na haɗa ban sani ba.

Ihun da ya yi ban taɓa jin irinsa ba. Masu keke suka watsar da kekunansu, mata suka zubar da kaya, kowa ya ranta a na kare. Aka fizgo mu, aka kwantar da mu rubda ciki a kan kwalta mai zafi, bakin bindiga a ƙeya. Kun san inda ake kai wanda aka kama da irin wannan zargi a lokacin, kun kuma san ba kowa ke dawowa ba.

Sajensu wani baƙin mutum ne mai tsage a kumatu, Hausarsa tsaf. Ya tsuguna ya ce, "Wa ya haɗa wannan?" Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Makanike ne ni." Ya ce, "Jarka ta mece ce?" Na faɗa masa. "Jar wayar fa?" Na faɗa. Fuskata a ƙasa, yashi a bakina, na bi masa motar gyara bayan gyara, har labarin Bature da ƙofar da ta fi 'yar'uwarta tsawo na soma sakowa don ruɗewa. Ya ce, "Agogon fa?" Malam Ayuba ya amsa daga inda yake kwance, a natse kamar yana aji, "Nawa ne. Yana gaba da minti huɗu."

Saje ya miƙe ya ce, "In mota ce, ta tashi. Kai makanike shiga ka tayar da ita kai kaɗai. Tsohon yana nan wurinmu. In ba ta tashi ba, za mu ƙone ta a nan, ku kuma ku bi mu." Na ce a ba ni izinin buɗe bonet da zuba ruwa. Ya yarda. Na ce, "Ranka ya daɗe, abu ɗaya. In ta tashi za ta yi ƙara sau ɗaya kamar bindiga. Don Allah kada a ɗauka wani abu ne." Ya harare ni ya ce na ga dama. Suka ja Malam bayan buhunan yashi, suka saita ni da bindigogi.

Na jiƙa tsumma na naɗe famfo. Ya yi cuu, ya bushe. Na sake jiƙawa. Ruwan buta ya kusa ƙarewa, ga notin nan a lungunsa yana kallona, mulmulalle, yadda na bar shi. Na tsaya ina ƙirga numfashi har ɗari biyu, Saje na daka tsawa in yi sauri. Na shiga, na taka totur sau uku, na yi bisimilla na danna ƙararrawa. Ta yi gurnani ta yi shiru. Na ce, "Ke, don girman Allah, ba yau ba." Na sake dannawa. Tari ɗaya, tari biyu, sai tau!

Saje ya ji gargaɗina, amma wani soja da ke tsallaken titi bai ji ba. Ƙara ta biyu ba daga salansa ta fito ba. Na ji motar ta girgiza ta baya, na kife a kan sitiyari ina salati. Saje na ta ihun a tsaya, a tsaya. Da ƙura ta lafa sai na ji wani sauti a ƙarƙashina: inji ne ke aiki, lafiya lau, kamar ba ita ba. Harsashin ya shiga ta gefen baya ya huda tankin can, tankin da duk Amurka ke tsoro, wanda ba ɗigon mai a cikinsa sai yanar gizo-gizo. Da ban mayar da mai cikin jarka ba, Allah kaɗai ya san abin da za a kwasa. Saje ya zo ya leƙa hudar, ya leƙa ni, ya cire agogon ya miƙa wa Malam ya ce, "Baba, sa wannan a aljihu. Ku tafi. In na sake ganin motar nan a shingena, ni da kaina zan harbe ta." Shinkafa ta isa gida kafin doka, aka ɗora tukunya.

Washegari da sassafe na je na jawo ta nan. Na kwance duk abin da ya tare lungun, na kira mai walda ya ɗana wani noti a kan mulmulallen, na sa sifana na juya. Ya fito. Na sa sabo, na saita wuta da kunne yadda Usta ya koya mini, na ɗaure da rabin inci. Kafin azahar an gama. Aikin rabin wuni, jama'a! Na bar ta ta yi zafi, na kashe, na sa tsumma, na tayar. Shiru, ba harbi. Na zauna a kan taya, haushin kaina ya ishe ni.

Da Malam Ayuba ya zo na ba shi benci, na tsaya a gabansa kamar mai laifi a kotu. Na ce, "Malam, harbin nan ba Amurkawa ba ne. Ni ne. Ranar da Usta ba ya nan na sa sha uku a notin rabin inci na cinye masa kai, na yi maka ƙarya." Ya ciro tabarau yana gogewa da bakin riga ya ce, "Na sani. Lambar tana rubuce a jikin sifanar, ina hango ta ta gefen jarida. Shekara talatin da biyar ina koyar da awo, Modu."

Na ce, "Ka sani? To me ya hana ka magana?"

Ya ce, "Ɗalibi in ya yi kuskure ba na karɓe allon. Nakan jira ya gano da kansa."

Kai! Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce, "Malam, jiya fa saura ƙiris a harbe mu!" Ya mayar da tabarau, ya dubi agogon da ya ciro daga aljihu ya ce, "E, ka ɗan daɗe. Amma ka kawo amsa daidai."

Ya tuƙa ta shekara biyu bayan nan ba harbi ko ɗaya, kafin ƙasanta ya ruɓe gaba ɗaya. 'Yan gwangwan suka kwashe komai, na ce tankin nawa ne. Shi kuma Malam ya rasu bara waccan, na je har coci na tsaya a bakin ƙofa aka fito da shi.

To, kai mai na'ura, tashi. Motar can da ke rami ta Amurka ce, kuma tun safe nake kallon sifanar da ke leƙowa daga aljihunka. Ciro ta ka karanta mini lambar da ƙarfi, kowa ya ji.